Alƙalan Fim na Garin Gaya

Gaya ta Nijar gari ne na shige da fice. Gada ce kawai tsakaninsa da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur. Shinkafa, atamfa, tsohuwar mota, duk abin da zai wuce sai duwan ta leƙa. Kaya ɗaya ne ke shigowa ba takarda ba awo, wato fim ɗin Kano. Da a kaset yake zuwa, ya koma faifai, yau ga shi a aljihun ɗan kabu-kabu. Abin da garin ke samarwa da kansa kuwa, bayan rake da dankali da kifi, shi ne sharhi. Babu mai kallo baki rufe a Gaya, kuma in ka kasa kunne za ka ji kowa sana'arsa da ciwon ransa yake karantawa a jikin allo. Ga kaɗan daga alƙalan da za ka tarar a fada bayan isha'i.

Baba Na-da-can

A wurin wannan, dariya ta mutu ranar 10 ga Disamba 2014, ranar da Allah Ya karɓi ran Rabilu Musa Ibro. Ka kunna masa Bosho, ka kunna masa Naburaska, ka kawo Gidan Badamasi inda ƴaƴa ke kewaye da tsoho mai kuɗi suna jiran ya motsa aljihu, sai ya taɓe baki. "Wanga duk hayaniya ce, ɗana. Ibro ko jar hularsa ka hango sai cikinka ya ƙulle." Kafaɗunsa kuwa rawa suke don dariyar da yake dannewa. In an kama shi, ya ce tari ne.

Matsalarsa guda ce: yana da wa. Da wan ya iso, sai kujerar alƙali ta sauya hannu. "Ibro? Yaron jiya! Kai ba ka ga Yazi Dogo a Télé Sahel ba, zamanin da unguwa guda ke taruwa gaban tele ɗaya. Ba ka ji Samanja yana tsawa da Hausar bariki ba." Daga can ƙarshen tabarma wani tsohon mushen lakwal zai gyara tabarau ya tuna musu cewa Umaru Ganda, ɗan Nijar, shi ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, tun ba a haifi Ali Nuhu ba. Kowane tsoho ya ajiye ƙarshen fim mai kyau daidai shekarar da gwiwarsa ta fara ciwo.

Mai Riga Malam Masallaci

Ya riga kowa kallon Labarina da Izzar So a YouTube, kuma cikinsa ba ya riƙe magana. Ana tsaka da kallo, an yi tsit, sai ka ji: "Ku dubi wanga bawan Allah da kyau, ba ya kaiwa mako mai zuwa." A yi masa ca, ya ɗaga hannu: "Ni mi na ce? Ban ce hatsarin mota ba ne!" Babu hukuncin da ba a gwada a kansa ba. An hana shi shayi, an mayar da shi bayan benci, an aike shi sayen sukari daidai lokacin da rikici zai ɓarke. Yana dawowa tun daga bakin titi yake tambaya ko an kai wurin da aka gane takardar ta jabu ce.

Direban da Gada ta Zaunar

Tun da aka rufe gada bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, mutane suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, bawan Allah ya samu lokacin da bai taɓa samu ba. Ya zuba shi duka a kan fim. Soyayya ba ta dame shi ba, hanya yake kallo.

"Tsaya, Malam, mayar da shi baya. Yaro ya taso Kano da hantsi, ga shi Abuja bai gama waya ba. Ina shingen ƴan sanda? Wa ya tambaye shi takardun mota? Ko faci bai yi ba!" In jaruma na kuka a cikin mota, shi ƙarar inji yake saurare, ya yanke hukuncin cewa motar nan haya ce kuma tana shan baƙin mai. Kwana Casa'in kaɗai ya yarda da shi, don a ganinsa nan ne aka faɗi gaskiya: manyan Alfawa ta cikin shirin na faɗa, talaka na biyan kuɗin gyara. In ya faɗi haka sai ya dubi wajen gada ya yi tsaki.

Hajiya Ƴar Kwatano

Shekaru ta yi tana saro kaya, don haka idonta sikeli ne. An nuna yarinya marainiya wadda kishiyar uwa ta hana abinci, kowa ya yi jugum, Hajiya ta matso kusa da allo. "Marainiya da leshin jika hamsin? Ƙanwata, ki sayar da ɗankwalin ki ci tuwon wata biyu." Ta san shaddar gaske ta san ta kwaikwayo, ko ta cikin waya mai fasasshen gilashi. Kafin fim ya ƙare ta ɗauki hoton ɗinki uku ta tura wa tela. Ka tambaye ta yadda labarin ya ƙare, ta ce da wata atamfa ruwan ƙasa.

Inna Mai Ɗaukar Abu da Zafi

Ita kuwa ba ta yarda wasa ake ba. Tana gargaɗin amarya kada ta ci abincin nan, tana yi wa mugun miji Allah-ya-isa, tana share hawaye da bakin zane, miya na kamawa a murhu. In Kamaye da Adama sun yi cacar baki a Daɗin Kowa, sai ta kwana tana tunanin wanda za a tura ya sasanta su. Ɗan wasan da ya taɓa fitowa a azzalumin kawu, ko ya shekara goma yana fitowa a liman, ba ta bin sa salla. Jikoki su ce, "Inna, ai wani fim ne daban." Ta ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba.

Tafinta

Gaya gari ne mai baki da yawa: Dandanci, Zabarmanci, Hausa, Fillanci, ga Faransancin lakwal. Saboda haka ba a rasa mai fassara, ko ba a nema ba. Zamanin gidan bidiyo shi ke fassara fim ɗin Indiya, alhali bai san ko gaisuwa da yarensu ba. Amitabh Bachchan ya yi magana doguwa, ya ce, "Cewa ya yi zai rama." Da Algaita da ire-irensu suka fara sa wa Indiyawa Hausa a baki, sai kasuwarsa ta faɗi. Bai karaya ba, ya koma juya Hausar Kano zuwa Dandanci ga wanda ke gefensa, har da ƙarin gishiri. Jarumi ya ce "to", tafinta ya yi minti biyu yana bayani. Waɗanda suka saurare shi da waɗanda suka saurari allo, in an tashi, fim biyu daban suka kalla, kuma sau da yawa nasa ya fi daɗi.

Mai Kallo Don Ya Yi Gargaɗi

Ba ya zama, a tsaye yake kallo, hannu a baya, don kada a ce da shi aka yi. Fim ɓata tarbiyya ne, rawa da waƙa koyi ne da Indiya, ya faɗa ya maimaita. Amma ka kuskure sunan wata jaruma, shi zai gyara maka. Ya san a 2016 ne ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau kan bidiyon waƙar ClassiQ, ya san daidai inda abin ya faru a cikin bidiyon, don ya duba sau da dama saboda ya tabbatar da girman laifin. In an zo waƙa yakan kau da kai, ƙafarsa ta dama ce dai har yau ba ta tuba ba.

Ɗan Kishin Ƙasa

Aikinsa ƙidayar ƴan Nijar a Kannywood. Fati Nijar tamu ce, Rakiya Musa tamu ce. Hadiza Gabon fa? "Tana jin Faransanci, tamu ce." Ali Nuhu an haife shi a Maiduguri? "Maiduguri da Difa ai gida ɗaya ne." In ka bar shi, kafin shayi na uku ya nuna, bai bar wa Kano kowa ba sai masu riƙe fitila.

Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakanin alƙalan nan ita ce wanne ya fi, na barkwanci ko na ban tausayi. Masu barkwanci na cewa wahalar gari ta isa, ba za su sayi kati don su ƙaro kuka ba. Masu ban tausayi na cewa dariya ba ta koyar da zaman aure. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu sun raina kansu. Wutar lantarki kan ɗauke a tsakiyar fim, waya ta mutu, amma ba mai tashi. Direba na gardama da Hajiya kan kuɗin motar jarumi, tafinta na fassara gardamar, Inna na roƙon kada a bar marainiya a hannun matar nan har wuta ta dawo. Da marubutan Kano za su turo mutum guda da littafi da biro ya zauna mako ɗaya a fadar Gaya, da sun huta da aron labarin Indiya.

Sarkin Barci

Saura mutum ɗaya, kuma shi ke rufe zama. Tun ana rubuta sunayen ƴan wasa ya jingina da bango, minsharinsa na tashi tare da kiɗan fim. Ana naɗe tabarma zai farka, ya murza ido, ya yi gyaran murya.

"Wanga fim bai yi ba."

"Wane wuri ne bai yi ba, Alhaji?"

"Duka. Ba ma'ana, ba darasi. Gobe in za ku sa ci gabansa, ku aiko yaro ya kira ni."