A Gaishe Da Masu Gyaran Barnawa

Sannunku da ƙoƙari, attajirai da dillalan filaye da kuka ɗauki nauyin raba Barnawa da ƙauyanci. Ai abin kunya ne a ce unguwa mai suna haka, a tsallaken kogin Kaduna, har yau tana fama da tsofaffin gidaje irin na Low Cost: baranda a gaba, taga na kallon taga, iska ta shigo ta nan ta fice ta can ba a biya ko kwabo ba.

Magina na da can ba su waye ba. Su ɗaga rufi, su bar bakin kwano ya zarce bango don ya yi inuwa, su bar fili a baya inda uwargida za ta shuka alayyafo, ga mangwaro da darbejiya a ƙofar gida suna zubar da ganye. Ku kuwa, madalla, kun sare itatuwan, kun malale tsakar gida da siminti, kun ta da bene mai gilashi da ba ya zaunuwa a watan Afrilu sai janareta na ruri. Mai sayar da man dizal yana muku addu'a.

Bature Max Lock ya ɓata lokacinsa a 1967 yana zana yadda Kaduna za ta bunƙasa har zuwa 2017. Ina ruwanku da taswira? Inda aka ware don kwana ku mai da shi otal da shaguna, inda aka bar wa ruwa hanya ku kafa harsashi. Kogin ya yi ambaliya a 2003, ya maimaita a 2012, amma jarumi ba ya jin gargaɗi.

Babbar bajintarku ita ce katanga. Bayan rikicin 2000 garin ya dare biyu, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu, Barnawa tana cikin 'yan unguwannin da aka ci gaba da zama tare. A can ne ake miƙa naman layya ta saman gajeren shinge, a watan Disamba shinkafar Kirsimeti ta dawo ta wannan hanya. Yaro ya yi rashin ji a titi, tsohuwar da ke zaune a baranda ta kira shi da sunan ubansa. Kun magance wannan sa ido. Yanzu bango ya fi tsawon mutum biyu, da waya mai ƙaya a kansa, maƙwabci sai ya rasu a yi jana'iza kafin na kusa da shi ya ji labari.

Hukumar KASUPDA, ku ne ke sa hannu a takardar izinin gini. Sauran tsofaffin gidajen nan da itatuwansu ba su da yawa. Ku shiga layi-layi ku ƙirga su, ku hana a rushe.