Safarar da Ba Ta Kai Kasaru Ba

Bakano, idan ka tambaye shi labarin Jidda ko Dubai ko Alƙahira, zai kwatanta maka su lungu-lungu, har da kuɗin ɗakin kwana da inda ake samun tuwo, amma idan ka ce masa ina Rurum take, sai ya yi shiru ya dube ka, sa'an nan ya tambaya ko sunan wani magani ne. Da yake ni ma cikin wannan al'umma aka haife ni, kuma furfura ta fara yi mini sallama alhali ban san abin da ke bayan Na'ibawa ba sai ta tagar motar haya, sai na ƙudura a raina cewa ranar da Allah ya nufe ni da hutun shekara, ba zan ƙarar da shi a kan tabarmar ƙofar gida ina gardamar siyasa ba, zan ɗebi iyalina a 'yar tsohuwar motata mu kewaye birnin nan ta waje, mu ga ƙasar da take ciyar da shi.

Ban shiga al'amarin da ka ba. Na sayi taswira, na liƙa ta da ƙaro a jikin wani kwali mai kauri domin kada hannun yara ya yaga ta, na ari kamfas ɗin lissafi na ɗana, na kafa tsininsa a kan Dutsen Dala, na zana da'ira wadda ko malamin handasa ya gan ta sai ya jinjina. Tsarin kuwa shi ne mu fita ranar Alhamis ta hanyar Zariya mu sauka Tiga, inda aka datse Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako aka gama aikin a 1974, mu leƙa tafkin Bagauda mai sunan sarkin Kano na farko, mu kwana a Rano, wadda take ɗaya daga cikin Hausa Bakwai ko da yake yaran yanzu ba su san sunanta ba sai a allon gidan mai. Mu wayi gari Juma'a a Wudil, ranar da kasuwar shanu take ci. Daga nan mu karkata arewa mu riski kasuwar Dambatta ranar Lahadi, mu ratsa duwatsun Kazaure, mu tuƙe a Daura mu sha ruwan rijiyar Kusugu. Daura ta fita daga da'irar, amma na ja mata jela da jan biro, gama ba ya kyautuwa a ce mutum ya kusanci tushe ya juya bai gaisa ba. Kowane zango na rubuta masa sa'arsa da mintinsa da man da zai sha, har ban bar wa ƙaddara inda za ta sa ƙafa ba, sai dai na rubuta "in Allah ya so" a can ƙasan takardar, da ƙananan haruffa.

Sirrin nan mutum ɗaya na gaya wa, wato uwargida, bisa sharaɗin kada ya wuce kunnenta, ita kuwa ta cika alkawari, domin ba ta faɗa wa kowa ba sai ƙanwarta, wadda ita ma ba ta faɗa wa kowa ba sai mai kitso. Kafin a kira magariba zaurena ya cika da masu fatan alheri, kowanne da ƙullin kuɗi a hannu, har da wanda rabonsa da gaishe ni tun sallar layya, wanda a daren nan ya tuna kakanninmu sun yi maƙwabtaka. Aka ba ni sautun busasshen kifi daga Tiga, da man shanu daga Wudil, da gorar ruwan Kusugu domin wata tsohuwa mai ciwon gwiwa. Wani ma ya ce in taya masa ɗan maraƙi, in na ga da sauƙi in taho da shi, bai kuwa faɗi inda zan zaunar da shi ba.

Can sai ga Gwaggo tana dogara sanda. "Ɗan nan," in ji ta, "na ji za ka bi ta Kura. Jikar aminiyata ta sauka, ranar Alhamis suna. Ai a kan hanyarka ne, ni kuma ba nauyi gare ni ba." Gaskiya ta faɗa, ba ta da nauyi, nauyin yana ga ƙullin kayanta, da tabarmarta, da butarta, da jikokin da za su riƙe mata su. A bayanta kuma sai ga maƙwabcina, malamin zaure mai karantar da Risala bayan asuba, ya ce bai halatta gare shi ba ya ga musulmi za su shiga safara babu wanda ya san hukunce-hukuncenta a cikinsu ya zuba musu ido, saboda haka ya sadaukar da kansa, kuma a gaba zai zauna.

Tun a daren ya buɗe mas'alar kasaru. Ya ce a mazhabar Imamu Malik ba a mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu sai tafiya ta kai baridi huɗu, wato mil 48, ba tare da an haɗa zuwa da dawowa cikin lissafi ba, kuma musafiri ba ya fara kasaru sai ya bar gidajen gari a bayansa. Ya ɗauki kwalina ya jujjuya, ya auna da ɗan yatsa, ya ce wannan da'ira tawa abar tuhuma ce, domin mai kewaya gari bai rabu da garin ba, shawagi kawai yake yi masa. Jelar Daura ce kaɗai ya ga tana da fuskar safara a shari'a. Na ce, "Allah gafarta Malam, ai mu nishaɗi muka nufa." Ya ce wannan ya ƙara tsananta mas'alar, gama fuƙaha'u sun yi magana a kan mai tafiyar wasa, amma zai duba.

Jadawali ya ce asuba. Hantsi ya dubi ludayi muna ɗaure kaya a kan rufi. Da na tayar da mota sai Gwaggo ta tuna ba a zuwa suna hannu rabbana, saboda haka a biya Kantin Kwari a ɗauki turmin atamfa, minti biyar. Duk wanda ya taɓa shiga wannan nahiya da mota, tun bayan da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 adaidaita sahu suka gaji titunan Kano, ya san ma'anar haƙuri ba sai an fassara masa ba. Motata a tsakiyarsu ta zama kamar tsohuwar saniyar da ta faɗa garken awaki, wannan ya tunkuɗa, wancan ya ratsa ta ƙarƙashin haɓa. Gwaggo da uwargida suka shige cikin kasuwa, ba su fito ba sai da inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, da turmi uku maimakon ɗaya, domin wai an yi musu ragi. Daga nan aka ce tsaraba, muka tsaya 'Yan Lemo, aka cusa ayaba da kankana a duk wata kafa da yaro bai toshe ba. A nan aka kira azahar, a lokacin da takardata ta ce muna bakin ruwan Tiga muna cin soyayyen kifi.

Muka ƙara gaba kaɗan, na ce ko za mu yi kasaru. Malam ya nuna waje da carbi ya ce, "Ka ga ƙarshen gidaje?" Ban gani ba. Malaman da suka kafa wannan sharaɗi birni mai iyaka suka sani, irin Kanon da, wadda kana fita ƙofa sai gonaki da kurmi. Amma ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu yanzu a tsakiyar gari take, bayanta kuwa gidaje da gidajen mai da rumfunan masu faci da filayen da aka zuba wa harsashi aka manta da su suna bin matafiyi ba su gajiya, ta yadda duk sa'ad da Malam ya gyara murya zai ce mun fita, sai wata katangar bulo ta ɓullo daga bayan dogon yaro ta rushe masa fatawa. Muka cika salla raka'a huɗu cif.

Mun haye gadar Tamburawa ke nan sai allurar zafi ta hau ja, tururi ya turnuƙe gaban mota, Gwaggo ta hau salati. Allah ya haɗa mu da wani matashin bakanike a gindin bishiya, wanda ya leƙa ya ce gaskit ɗin da ke mahaɗar bututun ruwa da inji ne ya ruɓe, sabo kuwa sai Ƙofar Ruwa, wato can cikin birnin da muka wuni muna ƙoƙarin rabuwa da shi. "Sai dai a yi dabara, Alhaji," in ji shi. "Akwai kwali mai kauri?" Babu wanda ya ce uffan, amma idanu duka suka sauka a kan cinyata. Ya karɓa da hannu biyu cikin ladabi, ya ɗora ƙarfen a kai, ya bi gefensa da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa a hankali har siffar ta fito, ya sa reza ya yanke tun daga Dambatta har Daura, ya huda rami daidai kan Kazaure domin ruwa ya sami hanya, ya shafe duka da baƙin giris ya ɗaure noti. Malam ya dubi abin da ya rage a hannuna ya yi ajiyar zuciya, ya ce yanzu mas'ala ta yi sauƙi, tunda sashen da ake saɓani a kansa ya shiga inji.

La'asar sakaliya muka shiga Kura, daidai lokacin da taron mata ya kankama, sai ya zama a cikin motar nan duka Gwaggo ce kaɗai jadawalinta ya cika. Masu gida suka rantse ba mai hawa hanya da almuru, aka kawo shinkafar garin da man shanu har na kasa tashi. Da na ambaci Tiga cikin jimami, sai maigidan ya ja ni bayan gari ya nuna mini magudanar ruwa ta siminti, ya ce wannan ai ruwan Tiga ne da kansa, shi ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir na Kura da Kadawa rani da damina. Malam ya tsuguna ya yi alwala a ciki, ya miƙe ya yanke hukunci cewa wanda ya taɓa sashen ruwa ya taɓa ruwan, saboda haka ziyarata ta Tiga ta inganta. Na ce to, bisa wannan ƙa'ida, ko zan iya cika gorar tsohuwar nan a nan a madadin Kusugu, tunda ruwa duka daga sama yake? Ya ce wannan ƙiyasi ne ɓatacce, in ji tsoron Allah.

Da gari ya waye Juma'a ina shirin Wudil, sai maigida ya ce tunda ga mota, akwai buhun shinkafa na ɗansa da ke cikin birni, da wata mai juna biyu da za ta je awo, ai nan da nan ne. Na kai su na dawo ɗaukar Gwaggo, na tarar ba ta gama sallama ba, amma akwai wani buhun da wata mai jego. Haka na ƙarar da hutun tsakanin Kura da Kano, har wani dattijo da na rage wa hanya ya miƙo mini kuɗin mota yana neman canji, wani ɗan kamasho kuma ya tare ni ya ce tun yaushe na fara lodi a layinsu ban yanki tikiti ba. Masu sautu na mayar wa kowa kuɗinsa, sai mai maraƙi da ya ce nasa sun ragu.

Bakaniken unguwarmu ya duba aikin yaron nan ya ce kada in kuskura in taɓa, wanda ya yanka wannan ya san sana'a. Kuma haƙiƙa tun daga ranar motar ba ta ƙara tafasa ba, kullum da Daura da Dambatta nake zuwa ofis. Malam kuwa har yanzu yana duba mas'alar mai tafiyar wasa. Ya aiko in sanar da shi kafin hutu mai zuwa, domin amsar tana wurin wani malami a Katsina, kuma ai a kan hanyata ne.