Zuwa Ga Mai Gadin Ramina

Sauthamton, Ingila

Zuwa ga taubashina kuma bawana, sarkin maginan Wonaka da kewaye,

Ina fatan kana lafiya kai da iyali, har da amaryar da ko goron ɗaurin aurenta ban gani ba. Ka gaida Kawu, ka gaida Inna, ka ce musu ina nan ƙalau kuma har yanzu ban yi fari ba. Allah Ya kiyaye mana hanyar Mada, Ya tsare masu fita gona da masu dawowa.

Hoton da ka turo ta WhatsApp ya iso. Na buɗe shi, na ja shi da yatsu biyu, na ɗora tabarau, abin da na gani dai rami ne da akuya kwance a ciki. A ƙasa ka rubuta: "Aiki na tafiya, muna kan fandesho." Haba taubashi! Tun shekarar da na bar gida muke kan fandeshon nan. Ko Dutsen Kwatarkwashi ake haƙa wa harsashi, ai da yanzu an kai linta.

Sai da na zauna cikin masu kalmar na gano wayon da ka yi mini. A bakin Bature fandesho ba ɗaya ba ne. Harsashin gini fandesho ne. Gidauniyar da attajiri ke kafawa don raba tallafi, ita ma sunanta ke nan, haka shekarar share fage kafin shiga jami'a. Sannan akwai wani abu a 'yar kwalba da mata ke shafawa a fuska kafin hoda. Da na koma na duba hotunan bikinka, na ga amarya da ƙawayenta suna ta sheƙi, sai na ce wallahi yaron nan bai yi mini ƙarya ba. Kuɗina a fandesho suka tafi, kuma an zuba shi da kauri, babu ha'inci a kwaɓin.

Ni kuma a takardar aikina "sapot woka" aka rubuta. Na ji labarin Inna na faɗa wa mata a gidan suna wai ɗanta likita ne a Turai. Kada ka gyara mata. Kai dai ka sani, tsofaffi nake tallafa: in tashe su, in yi musu wanka, in haɗa musu shayi, in riƙe musu hannu zuwa bayan gida. Abin da jika ke yi wa kakansa a Wonaka don neman albarka, a nan da awa ake biyansa. Mafi ƙarancin lada da doka ta yanke a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, namu kuwa bai ɗara haka da wani abin kirki ba. Na san ka ɗauko waya kana buga lissafi da naira. Ajiye ta. Mai gidan haya da masu haraji da kuɗin ɗumama ɗaki sun riga ka yin lissafin.

Sapot ba ya ƙarewa a bakin mutanen nan. Mai haukan ƙungiyar ƙwallo sapot yake yi. Wanda za ka kira idan intanet ya ɗauke, ya bar ka da kiɗa a kunne daga azahar har la'asar, shi ma ɗan sashen sapot ne. In sun tashi yabonmu a talabijin sai su ce mu ne ƙashin bayan ƙasa, alhali nawa ƙashin bayan man zafi yake nema. Masu yabon nan kuwa, a Fabrairun 2022 suka buɗe wa masu kula da tsofaffi ƙofar biza, a Maris na 2024 suka ce sabon zuwa kada ya taho da mata ko ɗa, a Yulin 2025 suka daina ɗauko mu daga waje gaba ɗaya. To ka ji amsar roƙon da kake yi na in nemo maka hanya. Ko a buɗe take, wanda ya kasa tayar da bulo ba zan ba shi amanar tayar da tsoho ba.

Akwai wani dattijo cikin waɗanda nake kula da su, tsohon magini ne. Na nuna masa hotonka, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko kiwon kifi za mu yi. Shi ya ba ni labarin babbar majami'ar Wincesta, wani gari nan kusa da mu, har na je na gani da idona. An fara ginin ne a 1079, a ƙasa mai dausayi kusa da kogi, wani sashe ma a kan gungumen itace aka ɗora shi. Farkon ƙarni na 20 bango ya soma tsagewa, gini na nutsewa. Suka haƙa ramuka don su yi masa sabon harsashi ta ƙarƙashi, aikin da suke kira andafinin, sai ruwa ya cika ramukan taf. Aka nemo wani mai nutso, William Walker. Daga 1906 zuwa 1911 bawan Allahn nan yake sa kwalkwalin tagulla da takalma masu nauyi, ya nutse cikin baƙin ruwan da ko tafin hannunsa ba ya gani, awa shida kullum, yana jera buhunan kankare da lalube. Fiye da buhu 25,000 aka jera, sannan aka janye ruwan, birkiloli suka shiga da bulo da jan tubali. Ginin na nan tsaye, har gunkin mutumin suka ajiye a ciki. Shi a cikin duhu da ruwa ke nan. Kai kana da ranar Zamfara a kanka, da busasshiyar ƙasa, da lebura, da kuɗin wani.

Na san abin da za ka ce. Siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024, mai tifa na tsoron hanya sai ya ninka kuɗin yashi. Na yarda. Amma fam ɗin da nake turowa shi ma ai ba a zaune ya tsaya ba, wannan lissafin ne ba ka taɓa turo mini hotonsa ba. Kakanmu da tubali da azara da gayyar 'yan unguwa ya tayar da soronsa kafin ruwa ya sauka, bai san kalmar fandesho ba har ya koma ga Allah.

Ku kuma a gida kun naɗa ni ginshiƙi. Duk saƙon muryar da ya fara da "ginshiƙin gidanmu", na san lambar asusu ce a ƙarshensa. Kawu na ce mini bango madafar bayi, ƙanne na ce mini jigo. Na gode da sarauta. Sai dai ka shiga Gusau ka tambayi kowane birkila, zai gaya maka fila ba ta tsayuwa a iska, sai an zuba mata kankare da rodi a gindi.

Saboda haka ga sharaɗi. Kafin in sake turo ko sisi, ina son bidiyo, ba hoto ba. Kawu ya tsaya a bakin ramin ya faɗi ranar da ake ciki da bakinsa, kai kuma ka ƙirga bulon ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi. A kori akuyar, don na gane ta, ita ce ta hoton bara, kuma Inna ta ce tun Babbar Salla aka sayar da ita.

Kuɗin sharar bana kuwa, ka cire daga cikin na simintin da ka ci.

Naka,
ubangidanka, ginshiƙin da ke jiran rodi.