Ka gaya wa Goggo jirgin nawa na kwali ne

Warso, Polan

Zuwa ga taubashina,

Ya fama da zafi? Mu nan sanyi ne ke gasa mana aya a hannu. Labari ya iso mini cewa ka baza a gari wai ina ƙera jirgin sama a Turai, har Goggo ta fara tambayar ranar da zan sauke ta a Jidda. Bakinka ya saba da ƙari, amma wannan karon ka kusa gaskiya. Jirgin dai na kwali ne, tsawonsa bai kai kamu ba.

Wani dattijo maƙwabcina ya ja ni ciki. Mutanen nan ba su ɗauki abin a matsayin wasan yara ba. Suna da mujalla, Mały Modelarz, da aka fara bugawa tun 1957, cikinta sassan jirgi ne a kan kwali, ka yanka, ka lanƙwasa, ka manna. Awon da suka fi so shi ne 1:33, wato sai an jera 33 kafin su kai tsawon na gaskiyar. Fiffike, taya, farfela, kujerar matuƙi, duk takarda tana yi. Rumfar gilashin da ke kan matuƙi ce ta gagare ta, don ba a hango ciki ta jikinta, kuma ba ta kumbura ta yi tulluwa irin ta jirgin Spitfire. Mutumin da ya ƙarar da idonsa wajen manna agogunan gaban matuƙi, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, kana jin zai yarda ya rufe su da kwali mai shuɗin fenti?

Ga dabarar dattijon. Sai ya sassaƙa itacen balsa mai taushi a siffar rumfar, ya goge da samfefa har ya yi sumul, domin ko ɗan ƙarzane ya rage, roba sai ta kwafe shi. Ya yanke gindin gorar lemo, ya cusa itacen ciki, ya tokare shi, ya hura mata iska mai zafi. Kana kallo robar za ta tsuke ta rungume itacen. Zafin ya yi kaɗan, ta yamutse. Ya zarce, ta yi fari fat, shi ke nan sai shara. Wani lokaci robar kwalin kaya yake gasawa a kan murhu, ya kifa ta a kan itacen bisa wani akwati mai huji-huji, ya jona injin sharar matarsa ya zuƙe iskar. Ranar da ya yi haka, gidan ba a cin abinci da raha. Sufa gulu kuwa ko kusa ba ya kai shi, tururinsa hazo yake sa wa robar. Farin gam na kafintoci yake ɗigawa da tsinken sakace, sannan ya bi da siraran takarda a matsayin firam.

Muƙamina a kamfanin? Ɗan gwangwan. Ni ke nemo gora, kuma dattijon tsirfa gare shi: mai gurzane ba ya so, mai launi ba ya so, mai ƙugu ba ya so. Ga shi tun Oktoban 2025 an sa wa gorar roba kuɗin ajiya, groszy 50, sai ka mayar kanti a ba ka. Duk wadda ya ƙona, uwargida tana lissafi da ƙarfi daga kicin.

Kada ka yi dariya da yawa, kai da motar karanka ba ta taɓa samun gilashin gaba ba, tayar ma kullum uku. Ka lallashi Goggo ta ci gaba da adashinta na Hajji. Ka aiko mini da kilishi da yajin daddawa ta hannun duk mai tahowa, kuma kada ka buɗe ƙunshin da sunan ɗanɗano.

Naka,
Taubashinka na Polan