Markar Kakuri daga teku ake auno ta

Mutanen ƙetaren kogi, na Kakuri da Makera da Barnawa har Sabon Tasha, ku gyara zama, yau da tsokana na zo. Cewa na yi markar da ke hana ku shanya a watan Agusta, da kifin da ake soya muku a bakin titi da yamma, duk da hannun teku a ciki. Ga Baba can, tsohon ma'aikacin masaƙa, wanda tun da masaƙar KTL ta tsaya a 2002 bai ƙara yarda da maganar mai biro ba, har ya fara taɓe baki: "Teku kuma? Mu da ko Kogin Kaduna sai damina ta yi nisa yake cika?" Allah ya ja da ranka, Baba. Na san tsakaninmu da gaɓar Legas ya haura kilomita 600 ko da tsuntsu ne zai yi tafiyar. Amma ka bar ni in kai aya.

Mu fara da ciki, tunda shi ba ya gardama. Madam mai kifi ta Kasuwar Monday, don Allah juyo mana kwalin kifin ƙanƙarar nan mu ga rubutun. Wani daga Norway yake, wani daga Holan, wannan ban ja ba. To amma kote fa? Sau da yawa za ki ga Muritaniya ko Namibiya. Gwangwanin Titus da ake dannawa cikin burodi a teburin mai shayi kuwa ɗan Maroko ne. Yanzu ku ba ni amsa, ku masu wayo: Muritaniya da Namibiya hamada ce har bakin ruwa, wuraren da akuya ma sai ta yi da gaske take samun abin tsinka. Me ya tara kifi a ƙofarsu har suke ciyar da mu?

Iska ce. 'Yar gidan su hunturun nan da ke farfasa muku leɓe a watan Janairu. A gaɓar Maroko da Muritaniya tana busowa daga arewa ta bi gefen ƙasa zuwa kudu, a wajen garin Nuwadibu na Muritaniya kusan shekara cur ba ta hutawa. Sai ta share ruwan sama-sama mai ɗumi ta yi yamma cikin teku da shi. Gurbin ba ya zama wayam, ruwan ƙasa ne ke tasowa daga zurfin kamar mita 100 zuwa 200 ya cike shi. Hura kwanon koko daga gefe ka gani: na sama ya matsa, na ƙasa ya ɓullo. Ruwan nan na ƙasa sanyi gare shi, kuma cike yake da taki, domin duk abin da ya mutu a teku can yake gangarawa ya ruɓe. Da ya taso ya ga rana, sai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su yi ta haihuwa, ƙananan ƙwari su ci su, sadin ya ci ƙwarin, kote ya bi sahu, Madam ta ƙara mana kuɗi. Manyan wuraren da ake wannan ɓuɓɓugowa huɗu ne: gaɓar Maroko zuwa Senegal, ta Namibiya, ta Peru da Chile, sai ta Kalifoniya. In an haɗa su ba su wuce kashi 1 cikin 100 na faɗin teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa a tekunan duniya daga nan yake fitowa.

Na hango wani ɗalibi daga Narayi ya ɗaga hannu, yana murna ya kama ni. "Malam, ka ce iskar kudu take yi. To ta yaya ruwan zai yi yamma?" Madalla, yaro, kai kaɗai ne ba ka yi gyangyaɗi ba. Duniya juyawa take yi. Ee, Baba, na ji ka, ka ce da tana juyawa da wata rana ka farka ka ga Barnawa a Kawo. Ka yi haƙuri. Wannan juyi shi ke karkatar da duk abin da ke doguwar tafiya: a arewacin duniya zuwa dama, a kudanci zuwa hagu. Wani Bature ɗan Norway, Fridtjof Nansen, ya bar jirginsa Fram ya maƙale cikin ƙanƙarar arewa a tafiyar da aka yi daga 1893 zuwa 1896, sai ya lura ƙanƙarar ba ta bin iska sak, kullum sai ta zame dama. Wani matashi ɗan Suwidin, Ekman, ya zauna ya yi lissafin, ya fitar da shi a 1905: in ka haɗa jimillar ruwan saman teku da iska ke ja, gefen dama sosai yake nufa. Tsaya a Nuwadibu ka fuskanci kudu, damarka ina? Yamma, cikin teku. Shi ke nan. A Namibiya iskar arewa take nufa, ruwan ya karkata hagu, nan ma yamma ce.

Yanzu mu dawo gida, kan marka, inda na fi so in kama ku. Ruwan daminarmu tururin Tekun Atlantika ne, iskar kudu maso yamma ke ɗauko shi daga Mashigin Gini. A watan Afrilu da Mayu ruwan tekun can ɗumi gare shi, wajen digiri 28 zuwa 29, hadari sai ya yi ta zuba a Legas da Akara da Abijan, mu nan muna fama da zafin bazara da 'yan yayyafi na yaudarar manomi. Daga nan iskar da ke tahowa daga kudancin duniya ta ƙara ƙarfi, ta yaye ruwan saman teku, ruwan ƙasa ya taso. Kafin Agusta teku ya huce da digiri huɗu ko biyar. Ruwa mai sanyi ba ya son tada hadari a kansa. Can arewa kuwa Sahara tana tafasa tana zuƙo iska. Sanyi a kudu, wuta a arewa, sai iskar ta ƙara gudu ta wuce gaɓa da kayanta. Masu nazarin yanayi sun lura cewa wajen ƙarshen Yuni layin ruwan sama yakan yi tsalle daga gaɓa, digiri 5, ya dira kan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. Ku duba taswira ku ga wa ke zaune a digiri goma da rabi. Mu ne. Shi ya sa in kin bugo wa ƙanwarki da ke aure a Legas a farkon Agusta kina kukan zannuwa sun ƙi bushewa, sai ta ce su ruwa ya ɗan ɗauke musu. Ba ƙarya take yi ba don ta ba ki haushi. A daidai lokacin ne kuma masuntan Gana ke cika kwale-kwale da sadin.

Mai shakkar da na fi girmamawa shi ne wanda zai ce, "Ruwa dai na Allah ne." Babu musu, Alhaji, kuma Fasto ma na ji ya ce amin. Arzikin Madam ma na Allah ne, amma ba a taɓa ganin kwalin kifi ya sauko mata daga sama ba, sai da jirgin ruwa da tirela. Sababin muke bi.

In sababin ya karkace kuwa kowa sai ya ji a jikinsa. A 1970 Peru ta kamo ƙananan kifi wajen tan miliyan 12. A 1972 iska ta yi sanyin jiki, ruwan ɗumi ya danne ɓuɓɓugowar, abin da ake kira El Nino, ga kuma kamun da ya wuce kima. Zuwa 1973 abin da aka samu bai kai tan miliyan 2 ba. A shekarun nan ne fari ya cinye dabbobi da amfanin gona daga Senegal har Chadi, ya taɓa arewacinmu, ya sake dawowa a 1983 da 1984. Baba, wannan ba sai na ba ka labari ba, kai ka ga masu gudun yunwa da idonka. A 1986 masana na hukumar yanayi ta Ingila, Chris Folland da abokan aikinsa, suka nuna cewa shekarun farin Sahel suna tafiya da yadda ɗumin tekuna ya rabu tsakanin kudu da arewa. Yau in hukumar yanayinmu NiMet za ta fitar da hasashen damina a farkon shekara, sai ta leƙa zafin Tekun Fasifik, gidan El Nino, tukuna kafin ta faɗa wa manomin Gonin Gora lokacin shuka.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, hanya a buɗe take. Ya sami kwale-kwale a ƙarƙashin gadar da ta haɗa mu da cikin gari, ya bi ruwa ta Shiroro, ya gaishe mana da Nufawa, ya faɗa Neja, ya wuce Lakwaja, ya fita teku cikin watan Agusta, ya tsoma ƙafa ya ji da kansa. Kuɗin mota na dawowa dai ba ni zan biya ba.