Zoɓo a Masai

Tankin saman gidanmu lita 2,000 yake ci, kuma a da cikawa ɗaya takan kai mu kwana huɗu. Kwatsam ya koma kwana biyu. Na fara da tuhumar yara, na gangaro kan Maman Abba da wankinta. Ta ce, "Baban Abba, mu ma nan gani muke, ko dai tankin ne ya fara jin ƙishirwa?"

Wani abokina ya yi mini lissafin da ya hana ni barci: famfon da ke ɗigo sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da wajen lita 30 a rana, ya ɗara jarkar mai garuwa. Daga ranar na naɗa kaina sufeton ruwa. Kowace Asabar sai na bi famfunan gidan da tocila, ina shafa bututu kamar mai tayin rago. Da dare na kulle komai, na hau tsani na yi wa ruwan tanki alama, da asuba na tarar ya sauka kusan taƙi guda. To, ɓarawon a cikin gida yake.

Aka ce in kafa bakin sukudireba a bango, in kara kunne a ƙotar, zan ji motsin ruwa. Ina cikin haka maƙwabcina ya leƙo ta katanga, ya daɗe yana kallona, sannan a hankali ya ce ya san wani malami mai ruƙiyya. Ban kula shi ba, don na ji wani "sssss" a bangon banɗaki. Na ɗauko guduma. Tayil tara na farfasa, na iske bututu a bushe ƙamas, lafiyarsa lau.

Sai dabara ta ƙarshe: a zuba abu mai launi a ƙaramin tankin bayan masai, a jira kamar rabin awa ba a kora ruwa ba. In launin ya gangaro ƙasa, robar da ke toshe ruwan ta mutu. Ban samu bula ba, sai na ga jug ɗin zoɓo a firij, na juye shi duka, na fita sallar la'asar. Na manta shaf cewa surukata ta zo mana kwana biyu.

Tun daga ƙofar gida nake jin salati. Hajiya na zaune a tabarma ta dafe kai, Maman Abba na neman mayafi, an riga an aika Abba ya tsayar da adaidaita sahu. Wai Hajiya ta ga jini.

Ta yaya mutum zai dubi surukarsa ya yi wannan bayani? Na durƙusa, kaina a ƙasa, na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, zoɓo ne."

Ta yi shiru. Can ta juya wajen 'yarta: "Wanda na dafa wa baƙi?"

Washegari mai gyaran famfo ya canza robar cikin minti goma, ya tsaya yana kallon bangon, ya tambaye ni ko ɓarayi ne suka shigo. Tanki ya koma kwana huɗunsa. Tayil ɗin kuwa har yau ba a samu irinsa a kasuwa ba, kalandar bara ce ke rufe ramin.