Ranar da Batman Ya Nemi Wurin Zama

Ba a sanin halin 'yan kasuwa sai ranar da za ta watse. Haka abin yake a Comic-Con, taron masoya littattafan labari cikin zane da aka fara a birnin San Diego na Amurka tun 1970. Mutum sama da dubu 130 ke tururuwa can a watan Yuli, daga Alhamis har ƙarfe biyar na yammacin Lahadi. A ranar Lahadin nan ne kowa ke komawa ainihinsa.

Ga jarumin da ya sare. Ranar Alhamis ya shigo cikin kayan Batman yana taƙama kamar ɗan sarki ranar hawan sallah. Yau kunne ɗaya na hular ya lanƙwashe, an tallafe shi da salatif. Alkyabbar ta sha taku har ta yage, takalmin roba ya cinye masa dunduniya. Yana zaune dirshan a jikin bango, waya a caji, burodi a hannu. Yaro na zuwa neman hoto sai ya ja dogon numfashi, ya miƙe, ya murtuke fuska. Ana ɗauka ya koma ya zube. Ni dai ina ganin girmansa, don ko ɗan tashe yakan tuɓe ya sha iska.

Sai mai taya, wanda ya kwana uku yana zagaya littafi ɗaya kamar kura ta ga akuya a turke. Ya san dillali ba ya son sake loda kwalaye a mota. Shi kuwa dillalin da ranar Alhamis ko kallonka ba ya yi, yau har da tambayar lafiyar iyali. Ana cewa rabin kuɗi, mai taya ya taya sulusi, ya yi kamar zai tafi. Ba inda za shi.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne mai adana. Ya sayi littafi a rufe ruf cikin roba mai tauri, kamfanin CGC ya buga masa maki 9.8 a goshi. Buɗewa haramun ce a wajensa, don da an fasa robar makin ya tafi. Tambaye shi abin da labarin ya ƙunsa, sai ya faɗa maka farashi. Ya ji cewa Action Comics na farko, wanda Superman ya fara fitowa a ciki a 1938 ana sayar da shi santi goma, an yi gwanjon kwafi ɗaya dala miliyan 6 a 2024. Tun daga ranar bai sake barci mai daɗi ba.

Ɗan layin Hall H kuwa, zauren nan mai cin mutum kusan 6,500, a kan ciyawa ya kwana don ya ga tallan fim na minti uku. Kafin ya fito an sa tallan a YouTube. Muryarsa ta dishe, amma kowa sai ya ji cewa da idonsa ya gani.

Lahadi ranar yara ce, saboda haka ga uba da 'ya'ya biyu da ɗan mutum-mutumi a kwali. Wai na yara ne. Yaro ya kai hannu, uban ya daka tsawa: "Kada ka kuskura ka buɗe!"

Can a lungun masu zane da ake kira Artists' Alley, wani dattijo na zaune bayan ƙaramin tebur, yatsunsa duk tawada, yana shafa wuyan hannu. Jama'a na wuce shi a guje don su hango ɗan fim ɗin da ya fito a matsayin jarumin da shi yake zanawa. Mai karatu, idan Allah ya kai ka, ka tsaya a teburinsa kafin biyar ta buga. Ka sayi littafi ko na dala biyar ne, ka buɗe shi a gabansa, ka karanta.